JOHN MAYNARD KEYNES: BATUREN DA YA BINCIKO DALILIN RASHIN AIKIN YI

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wani kamfani a Ikeja ko Apapa da sassafe yana jiran a ɗauki lebura, ko kuwa ya shiga kasuwar Mile 12 da kuɗin kwandon tumatir ya tarar rabin kwando za su saya, to, ya san abubuwa biyu da suka fi damun masana tattalin arziki, watau rashin aikin yi da tsadar kaya. Akwai na uku wanda ba a ganinsa da ido, sai dai a ji shi ran karanta kasafin kuɗi, shi ne jimlar dukiyar da ƙasa ta samar a cikin shekara. Mutumin da ya fi kowa nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure waɗannan abubuwa uku, in an ja ɗaya sai sauran sun motsa, wani Bature ne mutumin Ingila, John Maynard Keynes, wanda mutanen ƙasarsu ke furta sunansa kamar Kenz.

An haife shi ran 5 ga watan Yuni, 1883, a Kambirij, garin shahararriyar jami'ar nan ta Ingila. Gidansu gidan boko ne gaba da baya. Ubansa malami ne a jami'ar, daga baya ya zama magatakardanta, uwarsa kuma ta riƙe shugabancin majalisar garin a 1932. Yaron ya tashi bai san babu ba. Ya yi makarantar Eton, inda 'ya'yan manya ke karatu, sa'an nan a 1902 ya shiga King's College ta Kambirij ya karanta lissafi. Wani abin mamaki, mutumin da ya zo ya juya ilmin tattalin arziki ba shi da digiri a fannin. Iyakarsa 'yan makonni da ya yi yana ɗaukar karatu a gaban Alfred Marshall, babban shehun malamin fannin a zamanin.

A 1906 ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati ya zo na biyu. Tattalin arziki yana cikin fannonin da bai sami makin kirki ba, shi kuwa ya ɗora laifin a kan masu duba takardun, don yana ganin ya fi su sani. Wannan hali na yarda da kai bai rabu da shi ba har ya mutu. Aka tura shi ofishin da ke kula da mulkin Indiya a Landan, aikin farko da aka ba shi kuwa shi ne shirya aika bijimai goma zuwa Bombay ta jirgin ruwa. Shekara biyu ya yi ya gaji, ya koma Kambirij koyarwa.

Yaƙin Duniya na Farko shi ya fito da shi. A 1915 aka kira shi Baitulmalin Ingila, aka danƙa masa lissafin basussukan yaƙi tsakanin Ingila da abokanta. Da aka gama yaƙi, aka tafi da shi taron sulhu a birnin Faris a 1919. A can ya ga waɗanda suka ci nasara sun ƙudura sai Jamus ta biya diyyar ɓarnar yaƙi. Keynes ya buga lissafi ya ga abin ba zai yiwu ba. Ƙasa ba ta biyan bashin waje sai da abin da ta sayar a waje, ga shi kuwa an ƙwace wa Jamus jiragen ruwanta na fatauci, da wani kashi na kwal da ƙarfenta, da ƙasashen da take mulka, har da Kamaru, wadda wani yankinta ya zo ya zama Lardin Sardauna. Tamkar a yanke wa saniya hantsa ne, sa'an nan a zo da ƙwarya. Da ya ga ba mai sauraronsa, sai ya ajiye aiki a watan Yuni, ya koma gida ya rubuta littafi a kan abin da wannan sulhu zai haifar. Littafin ya fito a watan Disamba, ya watsu a duniya, ya jawo masa suna, ya kuma jawo masa baƙin jini wurin manyan gwamnati.

A 1921 aka yanka wa Jamus diyyar mak miliyan dubu 132 na zinariya. Gwamnatinta, da bashi ya yi mata katutu, ta shiga buga takardun kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Kafin yaƙi mak huɗu da 'yan kai ke sayen dala ɗaya ta Amurka. A watan Nuwamba na 1923 sai mutum ya kawo mak miliyan sau miliyan huɗu. Ma'aikata suka riƙa karɓar lada sau biyu a yini, suna rugawa kasuwa kafin farashi ya sake tashi. A wannan shekara Keynes ya bayyana hauhawar farashi da cewa wani irin haraji ne da gwamnati ke karɓa ba tare da ta aiko mai unguwa ba. Ba wanda ya taɓa kuɗin da ke aljihunka, amma abin da za su saya ya ragu. Mai ajiya da ɗan fansho da mai albashi su ke asara, wanda ake bi bashi shi ke cin riba. Duk da haka yana ganin faɗuwar farashi gaba ɗaya ta fi wannan muni a ƙasar da ke cikin talauci. Dalili kuwa, ɗan kasuwar da ya ga kayansa na karyewa kullum zai daina saro sabo, masana'anta ta rasa mai saye, ta sallami ma'aikata.

Ba a daɗe ba Ingila ta gwada wannan da kanta. A 1925 Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya sake ɗaure fam da zinariya a kan darajarsa ta kafin yaƙi, watau dala 4.86. Keynes ya ce an ɗaga fam da wajen kashi 10 cikin 100 fiye da ƙarfinsa, kayan Ingila za su yi tsada a waje, kuma a kan ma'aikata za a huce. Haka kuwa aka yi. Masu ramukan kwal suka nemi rage lada, a watan Mayu na 1926 ma'aikatan ƙasar suka yi yajin aikin gama-gari na kwana tara. Kusan duk cikin waɗannan shekaru marasa aiki a Ingila ba su kasa miliyan ɗaya ba.

A 1925 ɗin ne ya auri wata 'yar rawa mutuniyar Rasha, Lydia Lopokova. Abokansa 'yan boko suka yi ta tsegumi, amma auren ya zauna lafiya, sai dai ba su haihu ba. Shi kansa ɗan kasuwa ne, ba malamin allo da alli kawai ba. Yakan yi cinikin hannun jari da kuɗaɗen ƙasashe tun yana kan gado da safe. A 1920 saura kaɗan ya tsiyace, a 1929 ma ya yi asara mai yawa, amma ya farfaɗo.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, duniya ta shiga wani karayar arziki da ba a taɓa ganin irinsa ba. A Amurka, kafin 1933 abin da ƙasar ke samarwa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. A Jamus mutum miliyan shida suka rasa aiki a 1932, a farkon 1933 Hitila ya hau mulki. A Ingila sun kusa miliyan uku. Guguwar ba ta bar ƙasar nan ba, don fam da sule da ake kashewa a Nijeriya a ɗaure suke da fam na Ingila, kuma Turai ce kasuwar amfanin gona. Farashin gyaɗa a Kano ya faɗi ƙasa warwas, aka sallami leburorin haƙar kuza a Jos, gwamnatin Turawa ta rage ma'aikata, amma haraji sai da tsabar kuɗi.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, ba fari aka yi ba, ba kuma yaƙi ba. Injuna na nan lafiya lau, ma'aikata na nan suna neman aiki, iyalai na bukatar tufa da takalmi, amma masaƙa a rufe. Masanan zamanin suka ce a yi haƙuri, kasuwa kan gyara kanta. In marasa aiki sun yi yawa lada za ta sauko, masu kamfani su ɗauki mutane. Kuɗin da jama'a suka ajiye kuma banki zai ranta wa masu kafa masana'antu. Gwamnati dai ta tsuke bakin aljihu, kada ta kashe fiye da abin da ta samu, kamar yadda magidancin kirki ke yi in shekara ta yi wuya.

A nan Keynes ya rabu da malamansa. Ya ce ƙasa ba gida ɗaya ba ce. Abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu. Magidanci ɗaya in ya rage cefane ya yi dabara, amma in gari duka ya rage a lokaci guda, mai shago ya rasa ciniki, shi ma ya rage, har abin ya zagayo kan magidancin nan a sallame shi daga aiki. Haka rage lada: kamfani ɗaya zai ji daɗi, amma in duka suka rage, sun rage kuɗin masu sayen kayansu ke nan. Attajiri kuwa ba ya gina sabuwar masana'anta don kuɗin ruwa ya sauko, alhali tsohuwar ba ta sayar da abin da ta yi ba. Saboda haka ƙasa tana iya durƙushewa ta zauna a haka shekara da shekaru, miliyoyi na zaman kashe wando, ba abin da zai tashe ta don kansa. A watan Janairu na 1931 har gidan rediyo ya shiga yana roƙon matan Ingila su fita kasuwa su sayi kayan gida, ya ce tsimin da suke yi shi ke hana mazan wasu aiki.

Ya tattara wannan a babban littafinsa, The General Theory of Employment, Interest and Money, wanda ya fito a watan Fabrairu na 1936 a kan sule biyar. Littafi ne mai wuyar karatu, masana ma sun sha gardama a kan abin da yake nufi, amma gindin maganar a fili yake. Yawan abin da ƙasa za ta samar, da yawan mutanen da za su sami aiki, ya dogara ga jimlar abin da ake saye. Masu sayen kuwa su ne jama'a da ke sayen ci da sutura, da 'yan kasuwa da ke zuba jari a gine-gine da injuna, da gwamnati, da mutanen ƙasashen waje. In jama'a da 'yan kasuwa sun ja baya don tsoro, sai gwamnati ta ci bashi ta yi hanyoyi da gidaje, ta cike gurbin.

Wani almajirinsa, Richard Kahn, ya riga ya nuna a 1931 cewa irin wannan kuɗi haihuwa yake yi. A ce an biya leburan hanya fam 100. Ya sayi tsire, mai tsire ya biya mahauci, mahauci ya biya dillalin shanu, dillali ya aika gida a sayi taki. In kowannensu ya kashe kashi huɗu cikin biyar na abin da ya shigo hannunsa, 100 ta haifi 80, 80 ta haifi 64, a haka har jimlar cinikin ta kai fam 500. Sai dai akwai inda tulun ke yoyo, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: duk abin da aka kashe a kan kayan waje ya fita ke nan, can zai je ya haihu.

A 1937 ciwon zuciya ya kwantar da shi, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Da Yaƙin Hitila ya ɓarke sai matsalar ta juye. Yanzu kowa na da aiki da kuɗi, amma masana'antu sun koma ƙera makamai, kayan masarufi sun yi ƙaranci. Mutumin da ya yi shekara goma yana cewa a kashe kuɗi sai ga shi a 1940 yana cewa a ƙara haraji, a kuma riƙe wani kashi na albashin mutane a ajiye musu sai bayan yaƙi. Masu zarginsa da baki biyu ba su fahimce shi ba. Ma'auni ɗaya ne: in saye ya kasa abin da ƙasa za ta iya samarwa, sai rashin aiki, in ya zarce, sai tsada.

To, amma ba a yin wannan awo sai an san abin da ƙasa ke samarwa. Don haka ya tsaya wa wasu matasa biyu, James Meade da Richard Stone, suka tsara lissafin dukiyar Ingila, aka buga shi tare da kasafin kuɗin 1941. Daga irin wannan aiki ne ma'aunin nan da ake kira GDP ya bazu a duniya. Har Nijeriya ya iso ta hannun mutanen Kambirij. A. R. Prest da I. G. Stewart su suka yi lissafin farko na shekarar 1950 zuwa 1951, suka sami kusan fam miliyan 600. Sun sha wuya, don ma'aunin an yi shi ne domin ƙasar da kusan kowa ke karɓar albashi. A nan kuwa manomi na cin abin da ya noma, mace na sana'a a cikin gida, mijinta ma in yana son ƙosanta sai ya saya. Har kuɗin aure suka sa a lissafi don su kimanta aikin mata, abin da Pius Okigbo ya cire da ya sake lissafin daga baya. Rigimar awon ba ta ƙare ba: a watan Afrilu na 2014 da aka sabunta shi, dukiyar Nijeriya ta 2013 ta tashi zuwa wajen dala miliyan dubu 510, kusan ninki biyu, alhali ba wanda tukunyarsa ta ƙaru da ko ludayi ɗaya.

A 1942 aka ba shi sarautar Lord. A watan Yuli na 1944 ya jagoranci wakilan Ingila zuwa taron ƙasashe 44 a Bretton Woods ta Amurka, inda aka haifi Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, watau IMF. Abin da ya je da shi daban ne da abin da aka kafa. Ya so a yi wani kuɗi na tsakanin ƙasashe, a kuma sa doka cewa in ciniki ya karkace, ƙasar da ke tara rara ita ma a matsa mata ta sayi kayan wasu, kada nauyin gyara ya faɗa kan mai bashi shi kaɗai. Amurka ce mai kuɗi a lokacin, wakilinta Harry Dexter White ya ƙi, kuma nasa tsarin aka bi. Nijeriya ta shiga IMF a 1961. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara a kan karɓar bashin asusun, jama'a suka ƙi, amma a 1986 aka shigo da shirin SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan. Naira da ta fi dala daraja a farashin gwamnati a 1985, a 1987 sai an ba da wajen huɗu a sami dala ɗaya. Nauyin da Keynes ya so a raba biyu, mai bashi ya ɗauka shi kaɗai.

Maganinsa na rashin aiki ya yi tasiri a Turai da Amurka wajen shekara talatin. A Ingila, daga bayan yaƙi har wajen ƙarshen shekarun 1960, marasa aiki ba su cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Amma 'yan siyasa sun ɗauki rabin karatun mai daɗi, watau kashe kuɗi, suka bar rabin mai ɗaci. Bayan farashin man fetur ya ninka huɗu daga ƙarshen 1973, sai ga tsada da rashin aiki sun zo tare, abin da almajiransa ba su shirya masa ba. A 1975 tsada a Ingila ta wuce kashi 20 cikin 100. Masu adawa da shi, irin su Milton Friedman na Amurka, suka sami bakin magana, aka ajiye littattafansa. Sai da bankuna suka rushe a 2008 gwamnatoci suka sake kakkaɓe su.

Ƙasar nan ta ga nata a zamanin Udoji. A farkon 1975 gwamnatin Janar Gowon ta ƙara albashi, na ƙananan ma'aikata ya ninka, aka kuma biya ariyas na wata tara a dunƙule. Kuɗi suka cika hannu, amma gonaki da masana'antu ba su ƙaru ba. 'Yan kasuwa suka ɗaga farashi, tsada ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara, sauran kuɗin suka bi rediyo da babur da shinkafar waje, ɗaruruwan jiragen ruwa, yawancinsu ɗauke da siminti, suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko. Wanda ba ya aikin albashi bai sami Udoji ba, amma ya biya farashin Udoji. Ba daidai ba ne a ɗora wa Keynes wannan. Shi ya rubuta maganinsa ne domin ƙasar da injunanta ke kwance suna jiran mai saye, kuma abin da ya ba da shawara a 1940 kishiyar abin da aka yi ne a 1975.

Duk wannan a bayan idonsa aka yi. Aikinsa na ƙarshe shi ne roƙon kuɗi. Yaƙi ya bar Ingila ba ko anini, a watan Satumba na 1945 aka tura shi Washington yana sa ran Amurka za ta ba da kyauta. Bayan wata uku ana ja-in-ja, abin da ya samo bashi ne na dala miliyan 3,750 da ruwa kashi 2 cikin 100, ya dawo gida ya tsaya a majalisa yana kare yarjejeniyar da shi kansa ba ta gamshe shi ba. A watan Maris na 1946 ya sake komawa Amurka taron buɗe IMF da Bankin Duniya a garin Savannah, a hanyar dawowa zuciyarsa ta buga a cikin jirgin ƙasa. Ya rasu a gidan gonarsa da ke Tilton ran Lahadi 21 ga watan Afrilu, 1946, yana da shekara 62. Ya bar matarsa, da uwarsa, da ubansa mai shekara 93, da dukiya ta kusan fam rabin miliyan. Bashin da ya ciyo wa Ingila kuwa, sai a watan Disamba na 2006 aka gama biyansa.